Jan fenti da katafila a cikin ƙwayar halitta

Duk wanda ya kwana biyu a Kano ya san abin da jan fenti yake nufi a jikin bango. Ka wayi gari ka tarar an shata alama a jikin shagunan bakin titi, masu shago sun yi cirko-cirko, wannan yana buga waya, wancan ya fara kwashe kaya. Mai shafa fentin da gwangwaninsa da buroshinsa ya zo, ya yi aikinsa ya tafi. Katafila sai daga baya, ita kuwa ba ta tambayar wa ya gina ko nawa aka kashe, fenti kawai take bi. In ƙura ta lafa sai 'yan jari-bola su shigo su tsince rodi, a kai a narka, wata rana ka gan shi a jikin wani sabon gini.

Wannan misalin nake kawo wa ɗalibaina duk shekara idan muka zo darasin rabuwar ƙwayar halitta. Ina koyar da bayoloji a wata sakandare a cikin gari, kuma aikin da muka fi ji da shi shi ne na albasa. A ɗora ta a bakin kofin ruwa kwana uku zuwa huɗu, fararen saiwoyi su fito, a yanko ɗan tsinin, a rina shi, a latse tsakanin gilasai biyu, a tura ƙarƙashin madubin ƙara girma. Yawancin ƙwayoyin za ka gan su zaune lafiya kamar bulo a jere. Amma nan da can akwai wadda kuromosom ɗinta, wato ƙunsoshin da ke ɗauke da bayanan gado, suka yi sahu a tsakiya, ga wata kuma nata sun rabu gida biyu, kowane rukuni ya nufi ɓangarensa. Wata shekara wata yarinya ta ɗago kai daga madubin ta ce, "Malam, to wa yake gaya musu lokaci ya yi? Kuma me ya hana su komawa baya?" Littafin da muke karatu da shi sunayen matakai kawai ya jero don a haddace. Tambayar tata kuwa sai da masana suka shafe shekaru suna fama da ita, har ta jawo kyautar Nobel sau biyu.

Jikin babban mutum yana ɗauke da ƙwayoyin halitta wajen tiriliyan 30, kullum wasu na mutuwa ana maye gurbinsu. Ɓargo shi kaɗai yana fitar da jajayen ƙwayoyin jini fiye da miliyan 2 a kowace daƙiƙa, shimfiɗar cikin hanji kuwa ba ta cika mako ba a sabunta ta ba. Duk ta hanya guda ake samun wannan: ƙwaya ɗaya ta zama biyu. Ƙwayar ɗan Adam mai saurin rabuwa takan yi kusan awa 24 kafin ta kammala zagaye. Da farko ta girma ta tara kayan aiki, matakin da ake kira G1. Sai ta kwafe DNA ɗinta kaf, zaren bayanan gado da in an miƙe shi ya kai kusan mita 2, naɗe cikin kuromosom 46. Wannan shi ne matakin S. Sai G2, inda take duba aikin. Sannan M, rabuwar kanta, wadda ba ta wuce kamar awa ɗaya. Sharaɗin yana da tsauri: a kwafa sau ɗaya tak, kada a raba sai an gama kwafa, kuma kowace 'ya ta tashi da kasonta cif.

Mai tura wannan aiki wani inzayim ne, wato furotin mai gudanar da aikin sinadarai a cikin ƙwaya, da ake kira CDK. Sana'arsa ɗaya, manna ɗan guntun sinadari mai suna fosfet a jikin wasu furotin, abin da ke kunna wasu ya kashe wasu. Amma CDK shi kaɗai Adaidaita Sahu ne da aka ajiye a gareji. Sai direba ya hau, direban kuwa shi ne furotin mai suna saikilin, kuma kowane direba da layin da ya sani: saikilin D da E su ne na shiga kwafar DNA, A na tsakiyar tafiya, B na rabuwa. Yawan CDK ba ya cika sauyawa. Direbobin ne suke zuwa su ɓace.

Wannan ɓacewar ita ce Tim Hunt, ɗan Ingila, ya gani da idonsa a shekarar 1982 a wata cibiyar binciken halittun ruwa da ke Woods Hole a Amurka. Yana aiki ne da ƙwan wata halittar teku mai ƙayoyi kamar bushiya, yana ɗibar samfur lokaci-lokaci don ganin furotin da ƙwan ke ƙerawa. Duk sauran suna ta taruwa, sai guda ɗaya da ke taruwa har gab da rabuwa, sannan ya ɓace ɓat, ya sake dawowa a zagaye na gaba. Shi ya raɗa masa suna saikilin. A 2001 ya raba kyautar Nobel da Leland Hartwell da Paul Nurse, waɗanda suka gano ɓangaren CDK ta hanyar nazarin yis, ɗan uwan wanda ake kwaɓa burodi da shi. Sai dai Hunt ya ga ɓacewar ne kawai. Wanda ke ɓatarwar, a wani wuri daban aka gano shi.

A ƙarshen shekarun 1970, Avram Hershko da ɗalibinsa Aaron Ciechanover a Haifa, tare da Irwin Rose a Filadelfiya, suna bin wata tambaya da mutane da yawa ba su ɗauke ta a bakin komai ba. An san ƙera furotin yana cin makamashi. Amma an lura cewa farfasa shi a cikin ƙwaya shi ma yana ci, alhali a cikin hanji ana narka furotin ɗin nama da wake ba tare da an kashe ko kwabo ba. Me ƙwaya take saye da wannan kuɗin? Amsar da suka samu ita ce zaɓi take saye. Kafin a rushe furotin sai an manna masa jan fenti, wato wani ƙaramin furotin mai amino asid 76 (tubalan da ake gina furotin da su), sunansa yubikwitin, daga kalmar Latin mai nufin "ko'ina", domin a jikin mutum da dabba da tsiro da yis duk akwai shi. Na yis da na mutum a gurbi 3 kawai suka bambanta cikin 76 ɗin, abin da ke nuna cewa ba abin wasa ba ne. Su ukun sun karɓi Nobel a fannin kimiyyar sinadarai a 2004.

Shafa fentin hannu uku yake bi, wato inzayim iri uku da ake kira E1, E2 da E3. E1 ya ɗauko yubikwitin ya kunna shi da makamashi, ya miƙa wa E2. E2 ya riƙe. E3 kuwa shi ne ya san adireshi: ya kamo furotin ɗin da za a rushe ya kawo shi daf da E2 a manna masa. Lissafinsu kaɗai ya isa ya nuna inda wayon yake. Ɗan Adam yana da E1 iri 2, E2 kusan 40, E3 kuwa sun haura 600. Kuma ɗigon fenti ɗaya bai isa hukunci ba. Sai an ɗaura yubikwitin a kan yubikwitin ya zama sarƙa, galibi huɗu ko fiye, sannan katafila take amsawa. Akwai ma inzayim kusan 100 da aikinsu goge fenti ne, irin waɗanda a gari za a ce masu ɗaukaka ƙara.

Katafilar sunanta furotiyasom. Siffarta kamar ganga ce mai zobba huɗu a kan juna, kowane zobe da ɓangare bakwai, wuƙaƙen kuma a can ciki suke, don kada su yanki wanda bai ji ba bai gani ba. A bakin gangar akwai murfi mai gane sarƙa. Shi zai cire yubikwitin ya mayar a sake amfani da shi, ya warware furotin ɗin ya zama zare, ya zura shi ciki, ya fito gunduwa-gunduwa. Daga nan sai jari-bola: amino asid ɗin su koma ginin wani furotin.

To me ya sa ƙwaya ba za ta kashe furotin da fosfet kawai ba, ta huta da asarar rushewa? Domin fosfet kwaɗo ne a ƙofar shago. Yau an garƙame, gobe wani inzayim ya zo da makulli ya buɗe, kaya na nan yadda aka bar su. A wurin da ake son a iya komawa, kwaɗo ya wadatar. Amma ƙwayar da ta raba kuromosom ɗinta rabi sannan ta fasa ta shiga uku. A irin wannan gaɓa ana buƙatar abin da ya zama zarar bunu.

Ƙungiyoyin E3 guda biyu ne suka raba zagayen a tsakaninsu, kuma ɗabi'arsu ta sha bamban. Ta farko, SCF, kullum a shirye take, amma ba ta taɓa kowa sai wanda aka riga aka buga wa hatimin fosfet. Ta fi rinjaye daga ƙarshen G1 zuwa shiga rabuwa. Misalin da ya fi burge ni shi ne na p27, wani furotin da ke riƙe CDK kamar birki. Idan saikilin E ya fara taruwa, ɗan kaɗan daga CDK sai ya kuɓuce, ya juyo ya buga wa p27 hatimi. SCF ta gan shi ta shafa fenti, a rushe shi. Rushe shi ya saki ƙarin CDK, su ma su buga wa sauran p27 hatimi. Kamar ɓarakar da ta fara a jikin madatsar ruwa ce, ruwan da ya fita shi ke faɗaɗa hanyar na bayansa. Cikin ɗan lokaci birki ya ƙare, an shiga kwafar DNA gadan-gadan.

Batun kwafa sau ɗaya tak shi ma da rusau ake tsare shi. Akwai furotin mai suna Cdt1 da ke ba wa wuraren fara kwafa izini tun a G1. Da an fara kwafar, a nan kan DNA ɗin ake shafa masa fenti a rushe shi, wanda ya tsira kuma wani mai suna jeminin ya cafke shi. Babu sabon izini sai an rabu an rushe jeminin.

Ƙungiya ta biyu, APC/C, wadda ɗakunan binciken Hershko da na Marc Kirschner suka gano a 1995, ita kanta ake kunnawa a kashe. Ita ce mai amsa tambayar ɗalibata, kuma a nan sai na bar bakin titi na koma tasha.

Wanda ya taɓa shiga motar haya a Unguwa Uku ya san azabar "saura mutum ɗaya". Kowa ya zauna, an ɗaure kaya, zafi ya ishi jama'a, direba na can yana shan shayi, ɗan kamasho na ta kwarara kira. Muddin kujerar nan ɗaya babu kowa, mota ba ta tashi. Haka abin yake a sahun da muka gani a saiwar albasa. Bayan kwafa, kowane kuromosom tagwaye ne, ɗaure da juna da wasu zobba masu suna kohisin. Zaruruwa na fitowa daga ɓangarori biyu na ƙwayar, kuma dole kowane ɗan tagwaye ya sami zare daga nasa ɓangaren. A ƙwayar mutum wuraren kamawa 92 ke nan. Duk wurin da bai samu zare ba yana fitar da wasu furotin, irin su Mad2 da BubR1, su je su ƙanƙame Cdc20, wanda shi ne makullin kunna APC/C. Wuri ɗaya tak ya isa ya tsayar da komai.

A 1995 Conly Rieder da abokan aikinsa sun yi wani gwaji mai daɗin ji. Suka sami ƙwayar da saura wuri ɗaya bai kama zare ba, tana ta jira, suka harbe wannan wurin da hasken leza suka lalata shi. Ƙwayar ba ta ƙara jira ba, ta ci gaba da rabuwa, duk da kuromosom ɗin bai kamu ba. Wato ba ƙirga fasinja take yi ba, kiran ɗan kamasho take saurara. Da ya yi shiru, ko don mota ta cika ko don an cire kujerar, sai a tashi.

Shirun nan shi ke sakin Cdc20, APC/C ta kunnu, ta shafa wa mutum biyu fenti. Na farko sekiyurin, wanda duk tsawon lokacin nan yana riƙe da wani almakashi mai suna separes. Da an rushe mai riƙon, almakashi ya datse zobban kohisin, tagwaye su rabu kusan a tare, zaruruwa su ja kowa gidansa. Na biyu saikilin B, direban da ya kawo ƙwayar wannan wuri. Sai an sauke shi CDK yake lafawa, kuromosom su warware, a gina wa kowane rukuni sabon ɗaki, ƙwayar ta tsuke a tsakiya ta rabu. A 1989 Andrew Murray da Kirschner sun gwada haka da ruwan ƙwan kwaɗo: suka gutsure wa saikilin B amino asid 90 na farko, inda daga baya aka gane nan ne bangon da ake shafa wa fenti. Saikilin ɗin ya yi aikinsa lafiya lau, ya shigar da rabuwa, amma ya ƙi sauka, komai ya tsaya cak a nan. Shekara biyu bayan haka, a 1991, aka tabbatar yubikwitin ne ke kai shi ga halaka. Nan bincike biyun suka haɗu, na Hunt da na Hershko.

Akwai abin dariya a ƙarshen wannan mataki. APC/C takan sauya makulli daga Cdc20 zuwa wani mai suna Cdh1, kuma cikin waɗanda Cdh1 ke fara nunawa a shafa wa fenti har da Cdc20 ɗin. Haka nan yana rushe Skp2, idon da SCF ke gane p27 da shi, don birki ya samu ya sake taruwa a sabon G1. In tafiya ta yi tafiya, CDK ya farfaɗo, sai a juyo kan Cdh1. 'Yan siyasar Kano ba za su ga baƙon abu a nan ba.

Ina da gyara guda ga misalina, domin in na bar shi haka na yi wa ɗalibata rowar gaskiya. Shagon da aka rushe ana iya sake gina shi, kuma mun sha ganin an sake. Ƙwaya ma tana iya ƙera sabon saikilin cikin mintoci. Béla Novák da John Tyson da abokansu sun ja hankali a kan haka a 2007: rushewa ita kaɗai ba ta hana komawa baya. Abin da ke hanawa shi ne wanda aka rushe ɗin shi ne dā yake danne mai rushe shi. Da ya faɗi, abokin gabarsa ya miƙe ya hau kujera, duk sabon da ya ɗago kai a sake kwantar da shi. Ni a ganina wannan bayanin ya fi cika, kuma bai kore na farkon ba. Katafila ce ke share fili da sauri, amma mai hana sake gini shi ne wanda ya gaje filin.

Wani wuri da abin ya shafi kowa kai tsaye shi ne ƙwan mace. Ƙwan da ya nuna yakan tsaya cak a sahun nan na tsakiya, domin wani furotin mai suna Emi2 ya riƙe APC/C. Shigar maniyyi ke sa sinadarin kalsiyam ya bazu a cikin ƙwan, a buga wa Emi2 hatimi, SCF ta shafa masa fenti, APC/C ta kuɓuta, a ƙarasa rabuwar. Kowannenmu da wannan rusau ɗin ya fara.

Sai inda abin ke lalacewa. Akwai furotin mai suna p53, mai gadin DNA. Ƙwaya kullum tana ƙera shi, kullum wani E3 mai suna Mdm2 yana shafa masa fenti, ta yadda cikin kamar minti 20 rabinsa ya tafi. Da gani kamar almubazzaranci, amma dabarar mai shayi ce da ba ya sauke tukunya daga wuta. Ranar da DNA ya samu rauni ba sai an fara hura wuta ba. A dakatar da fenti kawai, nan da nan p53 ya taru, ya taka birki a yi gyara, in abin ya fi ƙarfin gyara ya umarci ƙwayar ta kashe kanta. Kusan rabin cututtukan daji na ɗan Adam ana samun p53 ɗinsu a lalace.

Ƙwayar cutar HPV ba ta ma wahalar da kanta da lalata shi. Tana ƙera wani furotin, E6, da ke zuwa ya kama wani E3 na jikin mutum, ya nuna masa bangon p53. Ɗakin binciken Peter Howley ne ya nuna haka a farkon shekarun 1990. Fenti namu, katafila tamu, adireshi kawai aka sauya. Wani furotin nata, E7, ya yi wa birki na biyu mai suna Rb irin wannan aika-aika. Ƙwayar bakin mahaifa da ta rasa waɗannan biyun sai ta yi ta rabuwa da kurakuranta, shekara da shekaru, har ta zama sankara. Nau'in HPV na 16 da na 18 su ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. A watan Oktoba na 2023 Najeriya ta shigar da rigakafin HPV cikin jerin rigakafin yau da kullum don 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, kuma Kano na cikin jihohin farko. Iyaye da dama sun tare ni da tambaya a lokacin, tunda ni ne malamin kimiyyar da ke kusa. Abin da na iya gaya musu shi ne allurar tana koya wa jiki gane rigar ƙwayar cutar ne tun kafin ta shiga, domin in E6 ya riga ya fara aiki a ciki, rigakafi ba ya fito da shi.

Wani lokacin kuma akasin haka ne, wanda ya kamata a rushe ne yake goge bangonsa. Sankarar nan da ke kumbura muƙamuƙin yara, wadda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, tushenta furotin ne mai suna Myc da ke ingiza rabuwa. A wasu masu ciwon, daidai gurbin da ake buga wa Myc hatimi ne ya sauya, sai SCF ta wuce shi ba ta gane shi ba.

Magungunan daji da yawa a wannan fagen suke wasa. Binkiristin, wanda aka samo daga wani fure ɗan asalin Madagaska da ake shukawa don ado, yana hana zaruruwan rabuwa haɗuwa, sai kiran "saura mutum ɗaya" ya ƙi ƙarewa har ƙwayar ta mutu a tasha. (Kada wani ya ji haka ya je ya dafa furen, guba ne, kuma abin da ke cikinsa na maganin ɗan mitsitsi ne.) Bortezomib, da aka amince da shi a Amurka a 2003 don wata sankarar ɓargo mai suna mayeloma, katafilar kanta yake tsayarwa. Ƙwayoyin mayeloma masu ƙera furotin ne ba kama hannun yaro, don haka su shara ke fara binnewa.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne talidomaid. A ƙarshen shekarun 1950 an riƙa ba wa masu ciki shi don laulayi, aka haifi jarirai fiye da 10,000 da nakasar hannu da ƙafa kafin a janye shi a 1961. Kusan shekara 50 ba a san takamaiman abin da yake kamawa a jiki ba, sai a 2010 masana a Japan suka gano yana manne wa wani ɓangaren E3 mai suna serebulon. Daga baya aka fahimci yana yin irin aikin E6 ne, yana sauya wa mai fenti adireshi. A cikin ɗan tayi, cikin waɗanda ake rushewa har da SALL4, furotin da ke da hannu a tsiron gaɓoɓi. A cikin ƙwayar mayeloma kuwa, shi da ƙaninsa lenalidomaid suna sa a rushe wasu furotin biyu, Ikaros da Aiolos, da sankarar ba ta rayuwa sai da su. Yanzu kamfanonin magani suna ƙera irin waɗannan da gangan, ƙwayar magani mai hannu biyu, ɗaya ya riƙo E3, ɗaya ya riƙo furotin ɗin da ake son kawarwa. Talidomaid ɗin kansa ya dawo asibiti ana ba wa masu mayeloma, amma ba a miƙa wa macen da ke iya haihuwa shi sai an gwada an tabbatar ba ta da ciki, kuma a ci gaba da gwadawa muddin tana sha.